Kantar Malam da Daminar Kura

Idan aka dubi kayan ɗakin Bahaushe na da, za a ga sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda akan gina tare da ɗaki, kamar alkuki da gadon ƙasa. Waɗannan ba su tashi. Ranar da mai ɗaki zai ƙaura, sai ya bar wa ɗakin abinsa. Akwai kuma waɗanda aka yi domin tafiya, kamar adudu da tabarma da ragaya da akushi da gafaka. A naɗe su, a ɗaure, a aza wa jaki, a sauke a wani gari, su ci gaba da aiki kamar ba su je ko'ina ba. Kayan da suka zo daga baya kuwa, sunayensu ma sun nuna baƙi ne. Kanta da kabad da durowa da tebur duk kalmomi ne da aka aro daga Ingilishi, haka kuma sunan mai yin su, wato kafinta. Wanda Bahaushe ya sani tun fil azal shi ne masassaƙi, mai fafe itace guda ya fitar da turmi ko kujera, ba ƙusa ba gam.

A 'yan shekarun nan wani kashi na uku ya shigo, wanda bai zauna daram a ɗaya daga cikin gidajen biyu ba. Su ne kayan katakon da ake sayarwa a kwance cikin kwali, falle-falle, tare da ƙullin notuna da takardar zane mai nuna yadda za a haɗa. Za a kira su kayan kwali a wannan muƙala. Wanda ya ga yadda ake tayar da su cikin sa'a guda zai ɗauka dangin adudu ne, a kwance yau a ɗaura gobe. Amma halinsu na alkuki ne, inda aka fara kafa su nan suke so su tsufa. Abin da ya sami wani malamin makaranta da ya tashi daga birnin Kano zuwa ƙasar Kura ya isa misali.

Malamin nan ya shekara ashirin da ɗoriya yana koyar da Hausa a makarantun sakandare, kuma kamar yawancin masu irin aikinsa, bai tara komai ba sai littattafai. Suna jibge cikin kwalaye da buhuna a ƙarƙashin gado, duk ranar da ya buƙaci ɗaya sai ya zazzage goma. Da aka biya su wani bashin albashi da suka daɗe suna bi, sai ya shiga kasuwa ya sayo kantar littattafai irin ta kwali. Hawa biyar gare ta, ta fi mutum tsawo, faɗinta ya kusa mita ɗaya, launinta kamar na maɗaci, tana ɗaukar ido. Yaron shago ya biyo shi gida ya haɗa ta kafin la'asar ta yi sanyi.

Malam ya jera kayansa bisa daraja. A hawan ƙoli ya sa littattafan addini da wasu rubuce-rubucen ajami da ya gada daga mahaifinsa. A na biyu ya sa littattafan adabi. A na tsakiya ya jera masu nauyi, irin su ƙamusun Bargery na 1934, wanda shafukansa sun haura 1,200, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da kundayen digiri masu bangon kwali. A can ƙasa ya ajiye damin tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, waɗanda mahaifinsa ya riƙa tarawa tun yana saurayi. Gidan haya ne a saman bene, ɗaki mai tayil. Kanta ta shekara huɗu a nan, ko gezau ba ta yi ba.

Sai takardar canjin wurin aiki ta zo, an mayar da shi wata makaranta a ƙasar Kura, wajen iyakarta da Bunkure. Kura tana kudu da birnin Kano, tafiyar kimanin kilomita 30 a kan hanyar Zariya. Tun da can an san ta da rini da bugu, har rawanin nan mai sheƙi ake kira ɗan Kura. Amma abin da ya sauya fuskar ƙasar shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Tiga ruwa yake gangarowa da ƙafarsa, ba tare da inji ba, ta manyan magudanai da ƙanana, ya ratsa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na wannan shiri ya shayar da kimanin hekta 22,000, aka kuma damƙa kula da shi ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Albarkacinsa ake samun shinkafa da alkama da tumatir da albasa, rani da damina.

Abin da wannan ke nufi ga mai zama a wurin shi ne, ƙasar ba ta bushewa sarai. Shekaru da yawa na ban-ruwa sun sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso sama a wasu sassa. Ko da rani, sa'ad da ƙura ta turnuƙe birni, wanda ya yi sammako a Kadawa zai iske raɓa a kan ganye. Gidan da Malam ya samu na ƙasa ne, daɓen siminti, an yi masa sabon yaɓe domin zuwansu. Bayan katangarsa akwai ƙaramin magudanin ruwa, daga shi sai fadamar shinkafa iya ganin ido.

Cikin watan Afrilu aka yi tashin. Kanta ba za ta bi matakalar bene a tsaye ba, saboda haka aka kwance ta. Aka ɗaure fallayen da igiya, aka ɗora a kan kaya cikin a-kori-kura. Da aka isa, ɗan Malam da wani yaron maƙwabta suka mayar da ita yadda take. Wasu notunan sun riƙa juyawa ba su kama ba, aka bar su haka tun da sauran sun riƙe. Siririn katakon da ke rufe bayanta ya yayyage a gurbin ƙusoshi, aka manna shi da ƙusa biyar ko shida. Aka jingina ta da bangon gabas, inda haske ya fi faɗawa a kan littattafai, kowane littafi ya koma mazauninsa.

Ruwan farko ya sauka, ba a ga komai ba. Yuli ya wuce lafiya, in ban da wani ɗan wari-wari da uwargida ta ce tana ji idan ta shiga shara. A tsakiyar Agusta ne abin ya bayyana gaba ɗaya. Hawan tsakiya ya lotsa kamar gadon bayan jakin da aka yi wa lodi, har ƙamusoshin suka kifu a kan juna. Ƙafafun kantar suka kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, fatar nan mai sheƙi ta ɗaɗɗago tana ɓarewa. Ita kanta kantar ta karkace hagu, ta kuma ranƙwafo gaba, a ɗakin da ƙananan yara ke shiga suna fita. Da Malam ya ɗago damin jaridun mahaifinsa, sai ya ga na ƙasa sun manne da juna, fumfuna ta yi musu baƙi da kore.

Kowa a gidan ya faɗi albarkacin bakinsa. Uwargida ta ce laifin direba ne, domin da idonta ta ga yadda ya taka igiya ya ja, har katakon ya yi ƙara. Wani maƙwabci manomi ya ce gara ce, don a garin nan ba ta barin ko ƙotar fartanya. Yayar Malam, wadda ta zo ganin sabon wuri, ta ce baki ne. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya yana yaba littattafan nan, ba kowa ne kuma ke cewa tubarkalla ba. Malam bai musa wa kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne ruwa ba ya tsami banza, ya aika a kira wani dattijon kafinta da ke da rumfa a bakin hanya.

Dattijon ya sa aka sauke littattafan duka. Ya duba bango da daɓe, bai ga hanyar gara ko ɗaya ba. Sai ya tsuguna ya sa farce a ƙafar kantar, ya ɓantaro wani abu ya murtsuke a tafin hannunsa, ya miƙa wa mai gida.

"Allah ya gafarta Malam, wannan ai ba katako ba ne. Dusa ce aka kwaɓa da gam, aka sa mata riga."

"To Baba, ai shekararta huɗu a Kano, ba ta taɓa yin haka ba."

"A Kano bisa bene take. A nan kuwa ƙafarta cikin ruwa take, ido ne dai ba ya gani."

Ya nemi leda mai faɗi, ya shimfiɗa a kan daɓen da kowa ke gani a bushe, ya danne gefunanta da duwatsu, ya ce kada a taɓa sai ya dawo. Washegari da safe ya ɗaga ta. Simintin da ke ƙarƙashi ya yi duhu, ita kuma ledar ta yi gumi. Ba a shimfiɗa leda a ƙasa ba lokacin da aka yi daɓen, don haka danshin ƙasa yana hawowa ta cikin siminti dare da rana, iska na kwashe shi kafin a lura. Inda kanta ta zauna ne iska ba ta kaiwa.

Domin a fahimci maganar dattijon nan sosai, ya kamata a san asalin irin waɗannan kaya. Dabarar sayar da kayan ɗaki a wargaje ba sabuwa ba ce. A 1859 wani kafinta mai suna Michael Thonet ya fitar da wata kujera a birnin Biyana, wadda akan cusa guda 36 a kwance cikin akwati mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya, a aika ƙasashe masu nisa. Amma kamfanin da ya yaɗa dabarar a duniya shi ne IKEA na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1943. Ana ba da labarin cewa a 1956 wani ma'aikacinsa, Gillis Lundgren, ya cire ƙafafun wani tebur domin ya shiga mota, daga nan kamfanin ya rungumi tsarin. Masana'antu da yawa a ƙasashe daban-daban sun kwaikwaya, kuma kantar Malam ta ɗaya daga cikin waɗannan ce, ko suna babu a jikin kwalinta. Abin lura a nan shi ne, an ƙirƙiro dabarar ne domin sauƙaƙa tafiya ɗaya, wato daga masana'anta zuwa gidan mai saye. Ba tafiya ta biyu aka yi wa tanadi ba.

Shi kuma katakon da ake yin su da shi, an fara sarrafa shi a masana'anta a Jamus a farkon shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da katako ya yi ƙaranci. Akan tattara ɓarɓashin itace da dusar zarto, a gauraya da gam, a danne da inji mai zafi har ya zama falle, sa'an nan a lulluɓe fuskokinsa da takarda ko roba mai zanen itace. Akwai mai tsakin ɓarɓashi, akwai kuma mai laushi kamar gari, wanda ake kira MDF, sunan da masu saye a Kano kan kira su duka da shi. Gam ɗin da aka fi amfani da shi ana haɗa shi ne daga yuriya, wato sinadarin takin nan da manoman Kura ke watsa wa shinkafa, da wani sinadari mai suna fomaldihaid. Yana da araha, yana da riƙo, amma ba ya jure daɗewa cikin danshi.

Dalili na farko ke nan na lalacewar kantar, wato laima. Kowane itace, ko ya shekara ɗari da yankewa, yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita. A tsakiyar hunturu laimar iska a ƙasar Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a Agusta kuwa takan kai kashi 80. A yanayi na farko ruwan da ke jikin katako bai wuce kashi 4 ko 5 cikin ɗari na nauyinsa ba, a na biyu yakan kai wajen kashi 16. Wannan ne ya sa ƙofar katako kan cije da damina, ta saki da hunturu. Katakon gaske yakan kumbura ya koma. Katakon dusa kuwa, da ƙarfin inji aka matse ɓarɓashinsa. Idan ruwa ya shiga, gam ya saki, kowane ɓarɓashi sai ya miƙe ya koma girmansa na asali, kuma ko ya bushe ba ya sake matsewa. Rigar da aka sa masa tana kare fuska, amma bakin da ke taka ƙasa tsirara yake, yana tsotsar danshi kamar lagwani. Ga kuma sabon yaɓe da bai gama bushewa ba, ga bangon gabas, wanda a ƙasar Hausa shi ne ya fi shan dukan ruwa, domin ta nan hadari ya fi tasowa.

Dalili na biyu shi ne nauyi da tazara. Littattafai masu kauri da aka jera tsawon mita ɗaya sukan kai kilo 25 zuwa 30, wato rabin buhun siminti ko fiye. Injiniyoyi suna da ƙa'ida a kan haka. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin madogarai biyu, aka kuma cika fallen da littattafai, lotsawarsa ba ninki biyu za ta yi ba, ninki 16 za ta yi. Idan kuwa kaurin fallen aka ninka, lotsawar za ta koma kashi ɗaya cikin 8. Saboda haka 'yar tazara kaɗan takan kawo babban bambanci. Shahararriyar kantar littattafan IKEA mai suna Billy, wadda ta fito a 1979, da farko faɗinta santimita 90 ne, daga baya aka rage shi zuwa 80, kuma lotsawar fallaye na cikin dalilan. Santimita goman nan kaɗai ta rage lotsawar da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Maginan Hausa sun san wannan ƙa'ida ba tare da alƙalami ba. Ba su cika barin azara ta haye fiye da mita biyu ba tare da madogari ba. Idan ana son ɗaki mai faɗi sai a kafa ginshiƙi ko a ɗaura baka, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Har ila yau, lotsawar katako ba a rana ɗaya take tsayawa ba. Fallen da ke ɗauke da kaya yana ci gaba da sunkuyawa sannu a hankali, wata da watanni, kamar igiyar shanya. Masu nazarin itace sun tabbatar da cewa wannan sunkuyawa ta fi sauri idan katakon yana shan laima yana bushewa, fiye da idan ya zauna a yanayi ɗaya. Ke nan hawan tsakiya ya fara gajiya tun a Kano, daminar Kura ce ta ƙarasa shi.

Dalili na uku shi ne mahaɗa, kuma a nan ne ƙaura ta yi tata ɓarnar. Sa'ad da aka fara ɗaura noti a katakon dusa, shi yake yanka wa kansa hanya, ya kama gam. Idan aka kwance shi, yakan fito da ɓarɓashin da ya kama, ramin ya ƙara faɗi. A ɗauri na biyu sai ya yi ta juyawa a banza. Girgizar mota da jan igiya sukan ƙara buɗe ramukan da ɓantare gefuna, don haka maganar uwargida ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Sa'an nan siririn katakon baya, wanda ake rainawa saboda bai fi kwali kauri ba, shi ne ke hana kanta karkacewa. Kantar da bayanta bai kafu ba kamar darni ce da ba a yi wa tanka ba. Da aka haɗa wannan da daɓen da magini ya ɗan gangarar wajen ƙofa domin ruwan wanki ya fita, sai kanta ta bi gangara.

Dattijon bai ce a jefar da ita ba. Ya yanke ƙafafun da suka kumbura kimanin yatsa huɗu, ya ɗora ta a kan gindi na maɗaci. Ya kifa fallayen da suka lotsa, doronsu ya dubi sama, ya buga wa kowane siririn katakon gaske a baki domin ya ƙara masa ƙarfi, ya kuma kafa tsaye guda a tsakiya ya raba tazarar biyu. Ya sauya bayan da sabon falle, ya jera masa ƙusa ta kowane gefe. Duk bakin da ke tsirara ya shafe shi da fenti mai mai. Aka mayar da ita bangon cikin gida, aka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango domin iska ta ratsa, aka ɗaure kanta da ƙarfe saboda yara. Masu nauyi suka koma kusa da madogarai. Hawan ƙasa dai bai gyaru ba. Jaridun kuma aka shanya su a inuwa, Malam ya yi kwanaki yana ɓamɓare su ɗaya-ɗaya da bakin wuƙa. Wajen kashi ɗaya cikin uku sun tafi, kuma ba abin da kuɗi za su sayo ba ne.

Da maganar ta tsaya a kan kanta, da ba ta kai a rubuta ba. Amma a kakar wannan shekarar aka sa ranar auren 'yar farin Malam, kuma mijin ma'aikaci ne da zai ajiye ta a gidan haya a Bunkure, ba a san inda za a tura shi gaba ba. A al'adar Hausawa kayan ɗaki nauyin iyayen amarya ne. Uwargida da yayar Malam sun riga sun je birni sun ga wani saiti na MDF, gado da wadirof da madubi, fari fat, irin wanda ake yayi. Malam ya kawo shawarar a ba dattijon kafinta aikin, ya je 'Yan Katako ta Na'ibawa ya zaɓo busasshen katako.

"Haba Malam," in ji uwargida, "so kake ranar jere dangin miji su ce an kawo ta da kayan zamanin iyayenmu?"

Yayarsa ta ƙara da cewa, "Kai namiji ne, ba ka san abin da mata ke faɗa ba. Ranar nan ɗaya ce, amma maganarta har tsufa."

"Gaskiya ne, Yaya," in ji Malam. "Sai dai 'yan kallo da magariba za su watse. Ita ce za ta zauna da kayan, ita ce kuma za ta tashi da su."

Kowane ɓangare yana da hujja. Jere mutuncin amarya ne da na iyayenta, kuma yarinyar da aka yi wa gorin kayan ɗaki takan daɗe ba ta manta ba. Katakon gaske ya yi tsada, domin dazuzzuka sun ja baya. Madobiya, alal misali, an yi ta saranta ana fitarwa zuwa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu. Ba kuma kowane katakon gaske ne abin dogaro ba; wanda aka yi aiki da shi yana ɗanye, hunturu ɗaya ya isa ya murɗe shi ko ya tsaga shi. Katakon dusa kuwa yana cin moriyar abin da da ƙonawa za a yi, ya kuma sa talaka ya mallaki abin da a da sai mai hali.

Amma hujjar Malam ta fi zurfi. Kayan ɗaki dukiyar mace ne, ba na miji ba. Tasoshi da kwanonin da iyaye mata suka riƙa jerawa a da, ado ne kuma ajiya ne. Ranar da wata lalura ta taso, mace takan ɗauki ɗaya ta sayar ta rufa wa kanta asiri, idan kuma zama ya ƙi, da kayanta take fita. Gadon da ba zai jure kwancewa biyu ba, wadirof ɗin da damina ɗaya za ta cinye wa ƙafa, ado ne kawai, ba ajiya ba ne. Uban da ya ci bashi ya saya, zai iya kasancewa yana biya bayan kayan sun zama dusa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to amma akwai adon da ba ya kai wa baɗi, kuma shi ma ba araha gare shi ba.

Dattijon kafinta ne ya raba gardamar. Ya ce a yi ƙashin gado da na wadirof da duk abin da zai taka ƙasa da busasshen katako, a haɗa su da notuna masu ratsawa waɗanda za a iya kwancewa sau goma, sa'an nan a yi ƙofofi da fuska da farin MDF, tun da su ba nauyi suke ɗauka ba, ba kuma ƙasa suke taɓawa ba. Kuɗin ya ɗara na saitin birni, dole aka rage wasu abubuwa daga lissafi. Uwargida ta amince, ko da yake ba da dukkan zuciyarta ba. Yayar Malam kuwa ta ce za ta gani a ranar jere.

Darasin da ke cikin wannan labari ya shafi duk wanda aikinsa na tashi ne, musamman ɗalibin da ke shirin zama malami, wanda takarda ɗaya za ta iya ɗauke shi daga birni zuwa bakin fadama. Kafin a sayi kayan katako, akwai tambayoyi uku da suka fi tambayar launi da farashi muhimmanci: da me aka yi shi, a ina zai zauna, sau nawa kuma za a tashi da shi? Wanda ya riga ya mallaki kayan kwali, idan ƙaura ta kama, gara ya ɗauke su a haɗe in ƙofa za ta bari. In kuwa dole sai an kwance, to a adana kowane noti, a shimfiɗa fallaye a kwance cikin mota, a mayar da katakon baya da ƙusoshinsa cif. A sabon gida kuma, kafin a jingina komai da bango, a shimfiɗa leda a ƙasa ta kwana ɗaya, a ga abin da daɓe zai faɗa. Takardun da ba su da madadi kuwa, a nema musu wuri can sama, nesa da ƙasa da bangon gabas.